Akori-kurata da Robobin Tanyi

Litinin, 3 ga Yuni, 6:30 na yamma

Ba su tafi da ita ba. Bari in fara rubuta wannan, don tun rana shi nake ta maimaitawa. Tana nan a gindin mangwaro, da jarkokin manjana arba'in a bayanta.

Mutum biyu ne suka zo, ɗaya da jaka, ɗaya riƙe masa da lema. Mai jakar ya ce sunansa Metir Dosu, lauya ne. Wai tunda yayana Fofo Setonji ya kai kansa kotu ya ce ya karye, shi aka naɗa ya tattara duk abin da ya mallaka, a sayar a raba wa masu binsa. Na ce Allah ya ba da sa'a, amma nan gidana ne, ni Senami, gidan Fofo yana can Tokpota. Ya ce ya sani. Sai ya zaro takarda ya karanto lambar akori-kurata tsaf.

"Madam, a takarda motar nan ta kamfanin yayanki ce."

"Ni a kan titi nake tuƙa ta, ba a kan takarda ba. Saura wata biyu ta cika shekara biyu a hannuna, kuma ko sefa ɗaya ba ya bina."

"Ina shaidar cinikin?"

Ba ni da ita. Mijina Medese ya baro keken ɗinkinsa ya fito da almakashi a hannu, ya zo ya taya ni tsayuwa.

Metir ya ce duk abin da ya fita daga hannun Fofo cikin wata goma sha takwas ɗin nan ana iya dawo da shi. In na nuna cinikinmu ya girmi haka, to. In ban nuna ba, ranar 27 ga wata alƙali zai sa a ɗauke ta. Kafin nan kada in sayar, kada in fita da ita daga Porto-Novo.

Amma dai ba su tafi da ita ba.

Talata, 4 ga Yuni, 5:40 na safe

Tana nan.

Laraba, 5 ga Yuni, 2 na rana

Yau ranar zuwa Sakete sarin manja ce. Da yanzu ina hanyar dawowa da manja, ina faɗa da ramukan hanya. Ga ni zaune ina kallon ruwan sama yana wanke motar da ba ta je ko'ina ba.

Medese ya ce, "Amma ke ma dai, Sena. Sefa miliyan biyu da rabi, adashen shekara uku, ko 'yar takardar da ake naɗe gyaɗa ba ki karɓa ba?"

Na ce, "Kai da ka zo neman aurena, wa ya zaunar da kai a kujera? Je ka ce masa ya sa hannu, in ga bakinka."

Ya ce shi ɗinki yake yi.

Ta yaya zan ce wa Fofo ya rubuta mini takarda? Ina shekara tara babanmu ya rasu. Fofo ne ya biya mini makaranta, shi ya koya mini tuƙi a filin ƙwallo, yana ihu yana riƙe kai. Ran da na kai masa kuɗin a gidan Tanyi Yabo, ƙanwar babanmu, ya ce, "Sai mu je a canza suna in na samu sarari." Na ce, "Haba Fofo, sunanka ai sunana ne." Ni da bakina na faɗa. Har daɗi na ji da na faɗa.

Juma'a, 7 ga Yuni, 8 na safe

Tana nan. Na kira wancan yayan nawa sau shida, waya a kashe.

Lahadi, 9 ga Yuni, 4 na yamma

A coci kowa ya gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa, sai ka ce mutuwa aka yi mini. Wata har da cewa, "Ai mun ji, an kulle shagon simintin yayanki, an kwashe manyan motocin duka shida." Na ce mata na gode da labari.

Daga nan na biya gidan Tanyi. Ta zuba mini akasa, agidinmu na nan, da soyayyen kifi, ta zauna tana kallona ina ci. Ta ce matar Fofo ta kwashi yara ta tafi gidansu. Ban tambaye ta ba.

A bakin ƙofar ɗakin baya akwai takalmi baƙi, lamba arba'in da biyar. Tanyi ba ta da miji, ba ta da ɗa namiji. Na cinye kifina na wanke hannu na tafi.

Talata, 11 ga Yuni, 5 na yamma

Na je ofishin Metir Dosu a Kwatano. A motar haya, ni mai mota.

Mutumin ba mugu ba ne, na lura. Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa, sannan ya juyo mini da wata takarda ta banki ya sa yatsa a kan kwanan wata. Janairun bara. Jerin abin da aka jinginar aka karɓi bashi. Layi na bakwai, lambar motata.

Na tuna Janairun bara. Fofo ya zo da yamma ya ce in ara masa takardar mallakar motar kwana biyu, wai akwai abin da za a sabunta. Na ba shi. Har lemo na ɗaure masa a leda ya kai wa yara.

Wata biyar ke nan bayan ya karɓi kuɗina.

Ba zan rubuta abin da na ji ba. Na dawo gida lafiya, kuma tana nan, shi ke nan.

Laraba, 12 ga Yuni, 6 na safe

Tana nan. Ban ci komai ba jiya. Medese ya dafa shinkafa, ta caɓe, na ci don kada ya ji kunya.

Alhamis, 13 ga Yuni, 11 na safe

Kai!

Ina wanke tumatir a tsakar gida, Medese ya leƙo ya ce wa ya ɗauke masa robar da yake zuba maɓallai. Na ce ga ta nan, tumatir ya fi maɓalli daraja. Ya zo zai ƙwace, ya ɗaga ta sama, ruwa na zuba, sai ya tsaya cak.

"Sena, karanta jikin nan."

Robobin Tanyi ne. Ran da na yi motar, Tanyi ta kafe sai an yi shagali, wai ba a shigo da ƙarfe mai ƙafa huɗu cikin dangi a ɓoye. Ta zuba ruwa a kan tayoyi huɗu ta kira sunayen kakanni, aka yanka kaji, aka yi amiwo, jan tuwon masara, tukunya uku. Kuma ta ce dole a raba wa baƙi abin tunawa, yadda ake yi a suna da biki da jana'iza. Ta je wurin Baba Rafiyu mai buga hoto a roba ta sa aka yi shuɗaye guda ɗari uku. Ranar har kuka na yi don haushi. Na ce, "Tanyi, ko kuɗin mai ba ni da shi, ke kina buga robobi!" Ta ce, "Rufe mini baki, uwarki ma da ta sayi keken ɗinki sai da aka raba mafici."

To ga abin da ke jikin robar. Hoto: ni da ɗaurin ɗankwali kamar zan tashi sama, Fofo yana miƙo mini makulli, lambar motar a tsakaninmu ɓaro-ɓaro. A ƙasa an rubuta: Mun gode wa Allah, Senami ta sayi mota. Asabar, 13 ga Agusta, 2022.

Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa. Ya haura wata goma sha takwas, har da ragowa.

Na zauna a ƙasa cikin ruwan tumatir na yi ta dariya. Medese ya ce in tashi maƙwabta na leƙe.

Juma'a, 14 ga Yuni, 6 na yamma

Na kai wa Metir Dosu robar a cikin jakar coci. Da na ɗora ta a kan teburinsa ya fashe da dariya har da cire tabarau. Ya mayar da tabarau ya karanta. Bai ƙara dariya ba.

Ya ce shekararsa ashirin a aikin nan, an kawo masa rasit, an kawo masa wasiyya, ba a taɓa kawo masa robar wanke tumatir ba. Ya ce zai sa ta a gaban alƙali. Amma in sani lauyan banki zai ce jiya na buga ta.

Na ce, "Jiya? Dubi yadda ta koɗe!"

Ya ce, "Guda ɗaya ce, Madam. Ana iya goge guda ɗaya da yashi."

Duk da haka yau na ci abinci sosai. Na ƙara.

Asabar, 15 ga Yuni, 1 na rana

Na faɗa wa Tanyi. Ta ajiye muciya ta juyo gaba ɗaya.

"Maimaita. Robobin wa?"

"Naki, Tanyi."

"Waɗanda aka ce ɓarnar kuɗi ne?"

"Su."

"Ban ji ba, kunnen nan ya tsufa."

Sai da ta sa na faɗa sau uku. Sannan ta ɗaura zane ta ce guda ɗaya ce ba ta isa ba ko? To za su ga robobi. Ta san duk wanda ya zo shagalin nan, ta san wanda ya karɓi biyu ya ɓoye ɗaya a zani.

Da muryar da ta isa ɗakin baya na yi maganar, ina sane. Ko tari ba a yi a ciki ba.

Talata, 18 ga Yuni, 5:30 na safe

Tana nan. Na tayar da ita na bar ta ta yi minti goma don kada batir ya mutu.

Alhamis, 20 ga Yuni, 6 na yamma

Robobi sun fara zuwa. Matan layin manja na kasuwar Wando sun kawo goma sha ɗaya. Ta Maman Jijoho gefe ɗaya ya narke, ta bar ta kusa da murhu. Wata an ɗinke tsagarta da waya. Wata kaji ke shan ruwa a ciki, ko wankewa ba a yi ba, Tanyi ta ce a bar ta haka, kashin kajin ma shaida ne. Akwai wadda mai ita ta ce a yi haƙuri, jikanta ke zama a kai da safe. Wannan dai na sa an wanke.

Baba Rafiyu ya ce zai zo da kansa, da farantin da ya buga hoton da shi, yana nan bai yar ba.

Maman Jijoho ta ce, "Ke dai kin ji daɗi, Senami. Ni da na sayi firji a ɓoye don kada a roƙe ni ƙanƙara, in aka zo ɗauka wa zai tsaya mini?"

Mun yi dariya har cikina ya ƙulle. Rabona da irin wannan tun watan jiya.

Asabar, 22 ga Yuni, 3 na rana

Arba'in da bakwai. Medese ya jera su a tsakar gida yana duba su ɗaya-ɗaya. Shi ya lura da abin: a kusan duka, fuskar Fofo ta goge. Daidai wurin da babban yatsa ke kamawa in an ɗauki robar take. Ni ina nan, mota na nan, makulli na nan, hannunsa na nan. Fuskar ce babu.

Na ce ya tattara su ya daina ɓata lokaci.

Talata, 25 ga Yuni, 7 na yamma

Metir ya kira. Ya ce robobi za su nuna rana, amma lauyan banki zai ce kyauta aka ba ni, ko aro, aka yi shagali a kai. Mutum ɗaya ne zai iya cewa an biya shi. In kuwa ya faɗi haka, ya amsa da bakinsa cewa ya jinginar da abin da ba nasa ba, kuma wannan wata shari'ar ce daban, mai iya kai mutum gidan yari.

Ya ce, "Kin san inda yake?"

Na ce ban sani ba.

Allah ya gafarta mini. Ban ma san dalilin da ya sa na faɗi haka ba. Haushinsa nake ji kamar in mutu.

Laraba, 26 ga Yuni, 6 na safe

Tana nan. Na wanke ta, har ƙarƙashin kujeru. In za su ɗauka, kada su ce ƙazama ce mai ita.

Alhamis, 27 ga Yuni, 6:45 na yamma

Tawa ce.

Bari in sha ruwa in rubuta a hankali.

Mun tafi Kwatano a bas guda, ni da Medese da Tanyi da Baba Rafiyu da mata tara, da buhu biyu na robobi. Mai gadin kotu ya ce ba a shiga da kayan talla. Tanyi ta ce masa, "Ɗana, wannan ba talla ba ce, takardunmu ne."

Alƙalin mace ce, ba ta da fara'a. Aka juye buhunan a gabanta. Lauyan banki ya tashi ya ce wannan wasan yara ne, kowa na iya buga roba. Ta ɗauki mai wayar ta juya, ta ɗauki narkakkiyar, ta kai hannu ga ta kajin ta fasa. Ta ce, "Lauya, kana nufin matar nan ta bi gida arba'in da bakwai tana tsofar da robobi?" Wani a baya ya yi dariya, aka tsawata masa.

Sai lauyan ya faɗi abin da Metir Dosu ya ce zai faɗa. Shagali ba ciniki ba ne. Wa ya ga kuɗi? Tanyi ta ce ita ta gani, a kan tabarmarta. Ya ce gwaggon mai ƙara ce, me za ta ce da? Alƙali ta ɗaga roba ɗaya ta ce, "Wannan mai miƙa makullin, da ba shi da fuska, yana ina?"

Na sunkuyar da kai ina kallon ƙafafuna. Na ce shi ke nan, Senami, koma ɗaukar jarka a ka.

"Ga ni."

Ban juya ba. Na san muryar da ta koya mini taka birki. Takalmin nan baƙi ya wuce ta gefena, ba a goge shi ba. Fofo ya rame, rigar ta yi masa yawa. A hannunsa akwai roba shuɗiya sabuwa fil, ko ruwa ba ta taɓa gani ba. Ashe tasa a cikin kabad ya ajiye ta, kuma da aka kwashe kayan gidansa ba wanda ya ga tana da amfanin ɗauka. Ya ɗora ta a kan tebur. Fuskarsa na jiki, yana dariya har kunne.

Ya ce ya sayar. Ya ce an biya shi cif, ranar, a hannu. Alƙali ta ce ya san abin da maganar nan za ta jawo masa? Ya ce ya sani. Ta ce to Janairu fa? Ya ce, "Ƙanwata ba ta san komai ba. Na ce mata sabuntawa za a yi. Har lemo ta ba ni."

Nan ne na yi abin da na rantse ba zan yi a gaban mutane ba. Maman Jijoho ta miƙo mini bakin zaninta.

An cire motar daga jerin. Za a ba ni takarda in je a canza suna. Shi kuma an ce ya dawo ranar 16 ga watan gobe, kada ya bar gari ba da izini ba.

A waje ya tsaya nesa da mu. Tanyi ta ce ya zo mu tafi a bas. Ya ce yana da wurin zuwa. Na ga ya tsayar da zemijan, ya laluba aljihu, ya sallami mai babur ɗin ya kama tafiya a ƙasa. Ban kira shi ba.

Juma'a, 28 ga Yuni, 9 na safe

Na makara, rana ta fito ban sani ba. Tana nan, ban ma duba ba sai da Medese ya ce, "Yau ba a gaida sarauniya?"

Litinin, 1 ga Yuli, 4 na yamma

An canza suna. Na sa an rufe takardar da leda, na yi kwafi biyar. Ɗaya na kai wa Tanyi. Ta ce ita ba ta iya karatu ba, in kawo mata robobinta dai ta mayar wa masu su, ana ta yi mata aike.

Metir Dosu ya ce tunda Fofo da ƙafarsa ya zo ya faɗa, da wuya a rufe shi, amma ba alkawari. Ya ce in yana da aikin yi, ko na lebura ne, alƙali zai duba, kuma za a ba shi izinin fita gari saboda aikin.

Ban tambaye shi wannan ba. Shi ya ga dama ya faɗa.

Alhamis, 4 ga Yuli, 2 na rana

Na yi amiwo da kaza, ya yi yawa. Medese ya ce mu biyu ne a gidan nan, wa na dafa wa kaza biyu? Na ce hannuna ne ya zarce. Na zuba a robar tumatir na rufe na kai gidan Tanyi na ajiye a bakin ƙofar ɗakin baya, kusa da takalmin. Ban ƙwanƙwasa ba.

Asabar, 6 ga Yuli, 5 na yamma

Tanyi ta dawo mini da robar, a wanke, a rufe da faranti. A wurinmu ba a mayar da kwano wayam, ko gishiri ne sai an sa. Na ce me yake da shi da zai sa?

Makulli ne, a naɗe a takarda. Na biyun motar, wanda ya ce mini ya ɓata tun ran ciniki.

Na daɗe ina juya shi a hannu. Wato duk makonnin nan yana da shi, motar na kwana a waje, iyakar Najeriya ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba, amma bai ɗauke ta ba.

Tanyi ta ce, "In kin gama kallonsa ki ba ni ruwa."

Litinin, 8 ga Yuli, 6 na yamma

Metir ya samo izinin. Na sake yin amiwo. Na mayar da makullin cikin takardarsa na ɗora a kan murfin, na rubuta: Laraba, Sakete, ƙarfe biyar. Jarka arba'in. Kada a taka mini rami. Albashi ƙarshen wata, kuma za mu rubuta a takarda, kowa ya sa hannu.

Medese ya karanta ta bayan kafaɗata ya ce, "Ke da kika ce ko sunansa ba kya son ji?"

Na ce bayana ke ciwo, kowa ya san bayana na ciwo.

Laraba, 10 ga Yuli, 5:15 na safe

Na ji an buɗe ƙofarta a hankali. Na ji an ja kujera baya, ƙafafunsa sun fi nawa tsawo. An bar inji ya yi ɗumi minti biyar cif, yadda ya koya mini. Ban leƙa ba.

Yanzu na fito. Gindin mangwaro wayam, sai sawun taya a cikin laka.

Ba ta nan. Bari in koma in ƙarasa barcina.